DARASIN MU'AMALA: YADDA MAI FITAR DA KAYA ZUWA ƘETARE YAKE MIƘA TAKARDUNSA GA BANKI DOMIN A BIYA SHI



Ya ku ƴan'uwa masu girma, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani babi ne daga cikin babobin ciniki, wanda jama'a da yawa suke jin labarinsa daga nesa amma ba su san cikinsa ba. A sahun masallatanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai akwai manoman aya da riɗi, akwai dillalai da masu awo, akwai direbobin manyan motoci, akwai kuma alhazan da suke tara kayan nan su tura su bakin teku. Abincin dukansu yana rataye ne ga abu guda, shi ne kuɗin kayan su dawo gida. Idan kuɗin suka maƙale a ƙetare, ba alhaji kaɗai zai ji a jikinsa ba. Manomin da ya ba da buhunansa bashi zai ji, mai motar da ke jiran cikon kuɗin dako zai ji, iyalansu ma za su ji.

Abin da muke so ka riƙe daga wannan darasi, ya ɗan'uwa, magana guda ce: banki ba ya ganin kaya, takarda yake gani. Duk sauran bayanin da zai zo rassa ne daga wannan tushe.

ABIN DA YA KAWO BANKI TSAKANI

Ciniki a kasuwar gida hannu da hannu ne, ba ni gishiri in ba ka manda. Amma ka ɗauka ɗan kasuwa yana Maraɗi, mai saye yana birnin Balansiya na ƙasar Sifaniya, inda ake markaɗa aya a yi wani abin sha mai kama da kunun aya namu. Ba su taɓa ganin juna ba. Mai kaya yana tsoron ya sa kayansa a jirgi kuɗi su ƙi zuwa. Mai saye yana tsoron ya aiko da kuɗi kaya su ƙi zuwa. Kowa da gaskiyarsa.

Wannan damuwa ba yau ta fara ba. Fataken da suke ratsa hamada tsakanin Damagaram da Kano da Gadamus da Tarabulus sun magance ta da wakilai amintattu da wasiƙu. Ƴan kasuwar Musulmi na zamanin Abbasiyawa sun san takardar da ake kira suftaja, wadda mutum yake ba da kuɗi a wani gari ya karɓa a wani. A yau banki ne ya tsaya a wannan matsayi, ta hanyar abin da ake kira kiredi dokumanter a Faransanci. Mu a nan za mu kira shi wasiƙar lamuni. Ma'anarta ita ce, bankin mai saye ya ɗauki alkawari a rubuce cewa zai biya mai kaya kuɗi kaza, da sharaɗin ya kawo takardu kaza da kaza kafin rana kaza.

Ƙa'idojin da bankunan duniya suke bi a wannan aiki, Ƙungiyar Ƴan Kasuwa ta Duniya mai mazauni a Faris ce ta tsara su. Ta fara fitar da su a shekarar 1933, ta yi ta gyara su lokaci bayan lokaci. Bugun 1993 shi ne mai lamba 500. Wanda ya gaje shi, mai lamba 600, ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 2007, yana da ayoyin doka 39. Masu Faransanci suna ce masa RUU 600, masu Ingilishi kuma UCP 600. Ba dokar wata ƙasa ba ce. Tana hawa kan mutane ne idan an rubuta cikin wasiƙar lamunin cewa da ita za a yi aiki. Aya ta 5 daga cikinta ita ce ta tabbatar da cewa bankuna da takardu suke mu'amala, ba da kayan da takardun suke magana a kansu ba.

MASU HANNU CIKIN AL'AMARIN

Na farko, mai saye, shi ne yake zuwa bankinsa ya nemi a buɗe wasiƙar. Na biyu, bankin mai saye, shi ne mai ɗaukar alkawarin biya. Na uku, wani banki a ƙasar mai kaya, wanda ake aiko wa wasiƙar domin ya duba sahihancinta ya sanar da mai kaya. Na huɗu, mai kayan kansa.

Wani lokaci mai kaya bai natsu da bankin mai saye ba, ko kuma ƙasar mai sayen tana fama da ƙarancin kuɗin waje. Sai ya nemi wani banki na biyu ya ƙara nasa alkawari bisa na farko. Wannan shi ake kira banki mai tabbatarwa, kuma da kuɗinsa. Idan aka yi haka, mai kaya yana da bankuna biyu da kowannensu ya wajaba ya biya shi in takardunsa sun cika.

A kula da wannan ƙwarai: wasiƙar lamuni ta gaskiya daga banki zuwa banki take tafiya, galibi ta hanyar sadarwar bankuna da ake kira SWIFT, a saƙo mai lamba MT 700. Wanda ya turo maka hoton takarda ta waya, ko ya kawo ta da hannunsa ya ce ga wasiƙar lamuni, kada ka ɗaure buhu ko ɗaya sai bankinka ya gaya maka cewa ta iso gare shi kuma ya tantance ta.

MISALI DOMIN FAHIMTA

Mu ƙaddara wani alhaji a Maraɗi ya yi ciniki da wani kamfani a Balansiya a kan aya ton 100, wato buhu 2,000 masu kilo 50, a kan yuro 60,000, kuɗin jirgi da na asirans duk a ciki. Tun daga 1999 yuro ɗaya yana daidai da sefa 655.957, saboda haka kuɗin sun haura miliyan 39 na sefa. Waɗannan lambobi misali ne kawai.

Aiki na farko a ranar da wasiƙar ta iso shi ne karatu. Alhaji ya zauna da wanda ya san harshen da aka rubuta ta, su bi ta layi layi. Sunansa da na kamfaninsa daidai suke? Kuɗin da nauyin su ne waɗanda aka yi ciniki a kansu? Tashar jirgin da aka ambata ita ce wadda zai iya kaiwa? Akwai wata takarda da aka nema wadda ba zai iya samu ba? Akwai wadda sai mai saye ya sa hannu a kanta? In akwai irin wannan ta ƙarshe, to alhaji ya san an ba mai saye linzami, domin in ya ƙi sa hannu ba za a biya ba.

Duk abin da bai yi daidai ba, a wannan lokacin ake neman gyara, tun kaya suna cikin sito. Wasiƙar lamuni ba ta warwaruwa, ba a kuma canza ta sai da yardar bankin da ya buɗe ta, da banki mai tabbatarwa in akwai, da mai kayan kansa. Tun ran gini ran zane. Wanda ya bari sai jirgi ya tashi sa'an nan ya ga kuskure, ya zama mai roƙo, alhali da shi ne mai haƙƙi.

TAKARDUN DA AKA FI NEMA

Ta farko ita ce faktir, wato takardar ciniki. Mai kaya ne yake rubuta ta da sunan mai saye, da irin kuɗin da wasiƙar ta ambata. Idan wasiƙar ta ce yuro, ba a rubuta sefa ko dala. Siffar kayan a cikin faktir dole ta dace da yadda wasiƙar ta siffanta su.

Ta biyu, kuma uwar takardun duka, ita ce takardar jirgin ruwa, wadda ake kira konesman. Kamfanin jirgi ko wakilinsa ne yake ba da ita. Aiki uku take yi: shaida ce cewa jirgi ya karɓi kayan, shaida ce ta yarjejeniyar dako, kuma ita ce mabuɗin kayan, domin wanda ya kai ta tashar sauka bisa haƙƙi shi ake miƙa wa kwantena. Galibi ana fitar da ta asali guda uku, kuma banki yana son dukansu, domin kada guda ta faɗa hannun wani ya je ya kwashi kaya. Dole ta nuna sunan mai dako, da sunan jirgi, da tashar lodi da ta sauka, da ranar da kayan suka hau jirgi. Dole kuma ta zama mai tsabta, ma'ana babu wani rubutu a kanta da ke cewa buhuna sun yage ko sun jiƙe.

Ta uku takardar asirans, wato inshora, idan ciniki ya ɗora ta bisa mai kaya. In wasiƙar ba ta faɗi adadi ba, mafi ƙaranci shi ne kashi 110 cikin 100 na kuɗin kayan. A misalinmu yuro 66,000 ke nan. Kada kuma ranarta ta zo bayan ranar hawan jirgi, sai fa in ta nuna cewa kariyar ta fara tun daga wannan rana ko kafinta.

Bayan waɗannan akwai takardar lissafin buhuna da nauyinsu, da takardar asalin kaya mai nuna cewa daga Nijar suka fito, da takardar lafiyar tsirrai wadda ma'aikatan kare tsirrai suke bayarwa, da takardar bincike daga kamfanonin duba kaya irin su SGS ko Bureau Veritas idan mai saye ya nema. Ba a cewa kalmomin takardun su zama iri ɗaya harafi da harafi a ko'ina, amma kada wata ta ƙaryata wata. Idan faktir ta ce buhu 2,000, takardar jirgi ta ce 1,980, an sami saɓani.

Game da nauyi akwai ɗan sassauci. Idan wasiƙar ta ce kimanin ton kaza, an yarda da ƙari ko ragi har kashi 10 cikin 100. Idan ba ta ce kimanin ba, an yarda da kashi 5 cikin 100 a nauyi, muddin ba a ƙayyade kayan da adadin buhuna ba, kuma kuɗin da ake nema ba su wuce na wasiƙar ba.

WA'ADI GUDA UKU

Akwai ranaku uku da ya kamata mai kaya ya rubuta ya manna a bangon ofishinsa.

Ta farko, ranar ƙarshe ta sa kaya a jirgi. A nan ne ɗan kasuwar ƙasarmu ya fi buƙatar hattara, domin Nijar ba ta da teku. Idan konesman na jirgin ruwa aka nema, ranar da mota ta tashi daga Maraɗi ba ita ake lissafawa ba. Ranar da kwantena ta hau jirgi ita ce abin dubawa. Tsakanin Maraɗi da tashar Kwatano ko ta Lome akwai fiye da kilomita 1,000, da duwan, da shingaye, da jiran jirgi. Mun kuma ga abin da ya faru a 2023, lokacin da aka rufe iyakar Benin, kaya masu yawa suka koma bi ta Burkina Faso zuwa Lome, tafiya ta ƙara tsawo. Saboda haka mai hankali yana neman wa'adi mai faɗi, yana neman a rubuta tashar lodi fiye da ɗaya, ko kuma a yarda masa da takardar dako mai haɗa mota da jirgi, wadda za ta iya nuna ranar da mai dako ya karɓi kayan tun daga cikin ƙasa.

Ta biyu, wa'adin miƙa takardu. Idan wasiƙar ba ta faɗi wani abu dabam ba, kwana 21 ne daga ranar hawan jirgi, ana ƙirga har da ranakun hutu. Ka tuna takardar jirgi a bakin teku ake fitar da ita, sai taranziter ya karɓo ta ya aiko maka. Kowace rana da ta kwana a teburinsa daga cikin kwanakinka ake cirewa.

Ta uku, ranar mutuwar wasiƙar da wurin da za ta mutu. Ko kwana 21 ba su cika ba, in wannan rana ta wuce alkawarin banki ya faɗi. Idan ranar ta faɗo a ranar da banki yake rufe saboda hutu, ana ɗaga ta zuwa ranar aiki ta gaba, amma wannan ɗagawa ba ta shafi ranar sa kaya a jirgi ba. Wurin ma yana da muhimmanci. In an ce a Sifaniya wasiƙar za ta mutu, dole takardu su isa can kafin ranar. In an ce a bankin Yamai ko Maraɗi, da ka miƙa su a nan cikin lokaci ka fita. Har ma in bankin da aka wakilta ya duba ya ga sun cika, ya aika da su, suka ɓace a hanya, wajibi ne bankin mai saye ya biya.

Sai dai a sani, idan yaƙi ko tarzoma ko wani abin da ya fi ƙarfin banki ya tsayar da aikinsa, wasiƙar kuma ta mutu cikin wannan lokaci, ƙa'ida ba ta tilasta masa biya bayan ya buɗe ba. Wannan dalili ne babba na gaggauta miƙa takardu, ba a jira ranar ƙarshe ba.

ABIN DA BANKI YAKE YI DA TAKARDUN

Alhaji ya tattara takardunsa, ya haɗa da wasiƙar rakiya mai lissafa su ɗaya bayan ɗaya da lambar wasiƙar lamuni, ya kai banki, ya karɓi shaidar ranar da aka karɓa. Daga nan kowane banki da abin ya hau kansa yana da kwana 5 na aiki, bayan ranar miƙawa, domin ya duba. Ma'aikacin banki ba zai je tasha ya buɗe kwantena ba, ba zai ɗanɗana aya ba. Zai ajiye wasiƙar a dama, takardu a hagu, ya gwada.

Idan sun dace, biya ya wajaba. Biyan kuwa iri iri ne bisa abin da wasiƙar ta faɗa. Akwai biya nan take. Akwai biya bayan wa'adi, kamar kwana 60 ko 90 daga ranar hawan jirgi. Akwai inda banki yake sa hannu bisa takardar bashi ya yarda zai biya ranar da ta nuna. A duk waɗannan, ko mai saye ya canza ra'ayi, ko farashin aya ya faɗi a kasuwarsu, ba ruwan mai kaya. Alkawarin banki dabam yake da cinikin da ke tsakanin mutanen biyu.

Idan kuwa banki ya ga saɓani, yana da ikon ƙin biya. Amma dole ya sanar sau ɗaya tak, cikin kwanakin nan 5, ya lissafa dukan aibobin da ya gani, ya kuma faɗi abin da zai yi da takardun. Ba shi da ikon kawo aibi ɗaya yau, gobe ya kawo wani. In ya saɓa wa wannan tsari, ya rasa damar cewa takardun ba su cika ba.

Mai kaya a wannan hali yana da hanya biyu. In lokaci bai ƙure ba, ya gyara takardun ya sake miƙawa. In ya ƙure, sai a tambayi mai saye ko zai yafe saɓanin. Mai saye na kirki yakan yafe. Amma wanda ya ga kasuwa ta faɗi, wannan ita ce ƙofar da yake jira: sai ya ce ba zai karɓa ba sai an rage masa kuɗi, kaya kuwa suna tashar wata ƙasa kuɗin ajiya yana hawa kansu kullum. Kada a ɗauka wannan abu ne mai wuyar faruwa. A gabatarwar RUU 600 an bayyana cewa bincike ya nuna kimanin kashi 70 cikin 100 na takardun da ake miƙawa ana mayar da su a karon farko saboda saɓani.

Akwai wata tsohuwar shari'a da ta dace da mutanen ƙasar gyaɗa. A farkon shekarun 1940 wani kamfani a Landan mai suna Rayner ya sayar wa mutanen Danmak gyaɗa. Wasiƙar lamuni ta ce gyaɗar Koromandel, wani yanki na gaɓar Indiya. Takardar jirgi kuwa ta ce ƙwayar gyaɗa wadda inji ya ɓare. Duk masu sana'ar sun san abu ɗaya ne, amma bankin Hambros ya ƙi biya, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila kuma ta ba shi gaskiya, bisa hujjar cewa ba a ɗora wa banki sanin al'adun kowace sana'a ba. Ƙa'idojin yau sun sassauta, sun yarda takardun da ba faktir ba su ambaci kaya da suna na gaba ɗaya in bai saɓa wa wasiƙar ba. Duk da haka darasin yana nan: rubuta abin da wasiƙa ta rubuta.

WATA HANYA MAI ARAHA AMMA MAI HAƊARI

Akwai hanya ta biyu da ake kira remiz dokumanter, wato aika takardu ta banki domin karɓo kuɗi. Ƙa'idojinta su ne RUE 522, waɗanda suka fara aiki a 1996. A nan mai kaya yana sa kaya a jirgi, ya ba bankinsa takardu, bankin ya aika wa wani banki a garin mai saye da umarnin kada a ba shi su sai ya biya, ko sai ya sa hannu bisa takardar bashi. Kuɗin aikin banki a nan sun fi sauƙi. Amma babu bankin da ya ɗauki alkawarin biya; ɗan aike ne kawai. In mai saye ya ƙi zuwa karɓar takardu, kaya suna nan a wuyan mai su. In kuma ya karɓa bisa sa hannu ya kwashi kaya, sa'an nan ya kasa biya, sai bin bashi a ƙasar da ba taka ba. Wannan hanya ta dace ne da abokin ciniki da aka daɗe ana hulɗa da shi.

HAƘƘIN HUKUMA

Ƙasashen UEMOA masu amfani da sefa, waɗanda babban bankinsu shi ne BCEAO mai mazauni a Dakar, suna da dokar hulɗar kuɗi da ƙasashen waje. An yi ta a 2010, aka sabunta ta a Disamba 2024. Ta wajabta wa mai fitar da kaya masu yawa ya buɗe wa cinikin fayil a wani banki da aka amince da shi tun kafin kaya su fita, sa'an nan ya dawo da kuɗin gida ta wannan banki cikin wa'adi. Duwan ma da wannan fayil take aiki. Saboda haka bankin da aka buɗe fayil a cikinsa shi ya fi dacewa wasiƙar lamuni ta biyo ta hannunsa.

INDA WANNAN BABI YA HAƊU DA FIƘIHU

Wuri na farko shi ne rubutu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka kada ɗan kasuwa ya ga tsananin takardu ya ce rashin yarda ne. Tsare dukiya ne da yanke husuma.

Wuri na biyu shi ne gaskiya. Tun da banki ba ya ganin kaya, kuma ƙa'ida ta ɗauke masa alhakin takardar jabu wadda bai gane ba, to nauyin amana duka ya koma kan mai kaya. A nan Shaiɗan yake shigowa ta ƙofofi sanannu. Kaya sun hau jirgi ranar 3 ga wata, wasiƙa ta ce 30 ga watan jiya, sai a roƙi wakilin jirgi ya mayar da kwanan wata baya. Ko buhuna sun jiƙe, a roƙe shi kada ya rubuta. Ko a zuba tsakuwa da ƙasa a ƙasan buhu, takarda ta ce aya zalla. Duk wannan shaidar zur ce da algus, ko da banki ya biya. Kotunan duniya ma ba su bar shi ba. A 1941 wata kotu a Niyok ta saurari ƙarar wani mai suna Sztejn, wanda ya sayi gashin yin burushi daga Indiya, ya ce akwatuna 50 da aka sa a jirgi gashin shanu ne da shara, alhali takardu sun cika. Kotun ta yanke cewa idan zambar mai kaya ta bayyana ga banki kafin ya biya, ana iya hana biyan. Bayan haka, buhu ɗaya na algus yana ɓata sunan kayan ƙasa gaba ɗaya, ya rufe ƙofa ga masu gaskiya da za su zo baya.

Wuri na uku shi ne riba. Ladan da banki yake karɓa saboda aikin da ya yi, kamar sanarwa da duba takardu da aikawa, ladan wakilci ne, malamai sun halatta shi. Amma idan biyan na bayan kwana 90 ne, banki ya ce zai ba ka kuɗin yau ya cire wani abu gwargwadon kwanakin da suka rage, wannan sayar da bashi ne da abin da bai kai shi ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa irin wannan ragi bai halatta ba domin yana komawa ga ribar jinkiri. Hukumar AAOIFI da ke Baharen, mai tsara ma'aunan bankunan Musulunci, ta keɓe ma'auni na 14 ga wasiƙar lamuni, ta gina ta bisa wakilci da lamuni. Mafita mafi sauƙi ga mai tsoron Allah ita ce ya nemi biya nan take tun wajen ciniki, ko ya yi haƙuri har wa'adi ya cika. Wanda al'amarinsa ya rikice, ya kai takardunsa gaban malamin da ya san fiƙihun ciniki kafin ya sa hannu, ba bayan ya sa ba.

NASIHA TA ƘARSHE

Ya ɗan'uwa ɗan kasuwa, karanta wasiƙar ranar da ta iso. Nemi gyara kafin lodi. Ba taranziter da wakilin jirgi kwafinta, ka ce su nuna maka daftarin takardar jirgi kafin su buga ta asali. Kai wa bankinka daftarin takardunka ya duba maka tun da sauran lokaci. Kada ka jira ranar ƙarshe. Idan kuɗi suka shigo, fara da manomi da mai mota da ɗan dako, domin da guminsu aka cika kwantenar.

Ku kuma matasanmu da suka yi karatun boko, ga aiki nan yana jiranku. Iyayenmu da yawa sun san kaya, sun san awo, sun san mutane, amma takardun nan da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta su. Yaron da ya ƙware a wannan ilimi ya tsaya kusa da mahaifinsa da gaskiya, ya tsare dukiyar gida da haƙƙin mutane masu yawa.

Allah Ya sa albarka cikin nemanmu, Ya tsare mu daga cin haram da cin amana, Ya mayar da matafiyanmu gida lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.